Lauya a Akwatin Tuhuma: Ya Kare Kansa ko Ya Ɗauki Wani Lauya?

Ranar da aka miƙa wa lauya takardar tuhuma da sunansa a kai, tunanin farko da ke faɗo masa shi ne: wa zai fi ni sanin wannan magana? Ya shekara goma ko ashirin yana tsaya wa mutane a kotu. Ya san dokar shaida, ya san halin alƙalai, kuma abin da ake zarginsa da shi ya fi kowa sanin yadda aka yi, ko yadda ba a yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga kuɗin lauya da zai huta da biya. Ga kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wato nauyin zaunar da abokin aiki a zayyana masa abin kunya tun daga farko har ƙarshe.

Waɗannan dalilai ba na banza ba ne, kuma a wurare da yawa doka ta yarda. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin ɗan adam da na siyasa ta 1966, a sashe na 14, ta ce wanda ake tuhuma yana da damar kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa. A Amurka, kotun ƙoli ta tabbatar da wannan dama a shari'ar Faretta ta 1975, da sharaɗin alƙali ya gamsu cewa mutum ya san abin da yake sarayarwa. Amma ba ko'ina ƙofar take a buɗe ba. A Faransa, ba a shari'ar manyan laifuka sai da lauya mai kariya. A Jamus ma akwai jerin tuhume-tuhumen da lauya ya zama dole, kuma kasancewar wanda ake tuhuma lauya bai sa ya cike wannan gurbi da kansa ba. Don haka kafin a shiga auna wanne ya fi, sai an duba ko dokar wurin ta bar zaɓin tun asali.

In ta bari, to ga inda hanyoyin biyu suka rabu.

Abin da mutum yake saye idan ya ɗauki lauya ya wuce sanin doka. Da sanin doka ne kawai, da lauyan da ake tuhuma ba shi da abin nema a wurin kowa. Abin da yake saye shi ne mutum na biyu, wanda ba shi za a ɗaure ba, wanda zai koma gida ya yi barci ko yaya zaman kotu ya kaya, ya dawo da safe da sanyin kai. Kotun ƙolin Amurka ta taɓo wannan a shari'ar Kay da Ehrler ta 1991. Ba shari'ar laifi ba ce, wani lauya ne ya tsaya wa kansa ya yi nasara, sannan ya nemi a biya shi ladan aikin lauya, kotu ta ƙi. A cikin dalilanta ta ce ko ƙwararren lauya, idan ya wakilci kansa, ya rasa hangen mutumin da ba ruwansa wajen tsara yadda za a gabatar da magana, da zaɓen hujjoji, da yi wa shaidun ɗaya ɓangaren tambayoyi, da tabbatar da cewa hankali ne ke jan ragama idan wani abu ya ɓullo ba zato, ba fushi ko tsoro ba. In haka abin yake a shari'ar da kuɗi ne kawai a tsakani, ina ga wadda 'yancin mutum ke kan siradi?

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Lauyan da yake iya duba takardun wani cikin awa guda ya ce masa wannan bayani naka ba zai shiga kunnen alƙali ba, shi ne kuma zai rungumi irin wannan bayani idan nasa ne, don ya san zuciyarsa lokacin da abin ya faru, yana kuma zaton kowa zai gani kamar yadda yake gani. A ce ana zarginsa da taɓa kuɗin wani da aka ajiye a hannunsa amana. A ransa, aro ya yi, kuma ya yi niyyar mayarwa kafin mai shi ya nema. Lauyan waje zai gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wannan bayani rabin amsa laifi ne, kada ya kuskura ya gina kariyarsa a kai. Shi kuwa, in shi kaɗai ne, a kansa zai gina, domin shi ne gaskiyar da yake ji a ransa.

Sai batun shaida, wanda a ganina nan ne gizo yake saƙar. A kowace shari'ar laifi akwai tambaya mai nauyi: wanda ake tuhuma zai shiga akwatin shaida ya yi rantsuwa, ko zai yi shiru ya bar mai gabatar da ƙara ya sauke nauyin da ke kansa? Wanda yake da lauya yana da wannan zaɓi a cike. Zai iya zama makonni bai ce uffan ba, kuma a ƙasashe da dama shirun nasa ba hujja ba ce a kansa. Wanda yake kare kansa kuwa ba shi da shiru. Daga ranar farko yana magana. Yadda ya ɗaga murya, yadda fuskarsa ta canza da aka ambaci wata takarda, irin tambayar da ya zaɓa ya yi da wadda ya kauce mata, duk alƙali ko 'yan juri, wato mutanen gari da ke taya kotu yanke hukunci a wasu ƙasashe, suna karantawa. Kuma tambaya ita kanta tana tona asiri. Lauyan waje zai ce wa shaida: "Ka tabbata da ƙarfe tara ka ga motar?" Wanda ake tuhuma, in bai yi hankali ba, sai ya ce: "Ai ba ta wannan ƙofar na shiga ba." Ya riga ya ajiye kansa a wurin da ake cewa laifin ya faru, ba tare da an tambaye shi ba. Baki shi ke yanka wuya.

In kuma ya yanke shawarar ba da shaida, wa zai yi masa tambayoyi? Wasu alƙalai suna barin mutum ya yi bayani a jere, wasu suna sa shi ya yi wa kansa tambaya ya amsa, abin da ko a wasan kwaikwayo yake da ban dariya. Bayan haka mai gabatar da ƙara zai taso masa da tambayoyin ƙure. A wannan lokaci ne ake bukatar wani a zaune yana saurare, ya miƙe ya ce ya mai shari'a, wannan tambaya ba ta halatta ba, ya kuma rubuta wuraren da za a gyara idan an dawo kan shaidar. Mutum ɗaya ba zai iya tunanin amsar da za ta cece shi, a lokaci guda yana tunanin ko tambayar ta saɓa wa dokar shaida ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ba banza ba ƙa'idojin aikin lauya a ƙasashe da yawa suke hana lauya ya tsaya a shari'ar da shi kansa muhimmin shaida ne a cikinta. Wanda yake kare kansa ba ya shiga wannan hani, amma matsalar da ta sa aka yi hanin tana nan tare da shi.

Akwai misali na kusa. Michael Avenatti, lauyan Amurka da ya yi suna a talabijin a 2018, ya gurfana a New York a Janairun 2022 bisa zargin karkatar da kusan dala 300,000 daga kuɗin littafin Stormy Daniels, wadda a da yake wakilta. Ana cikin shari'a ya ajiye lauyoyinsa ya karɓi ragama, ya yi wa matar tambayoyin ƙure da bakinsa. Ba wanda zai ce bai iya magana ba. Amma abin da 'yan juri suka gani shi ne mutumin da ake zargi da cin amana yana titsiye wadda ta ce an ci amanarta. A Fabrairu aka same shi da laifi, daga baya aka yanke masa shekara 4. Adalci ne a faɗi ɗaya gefen: a 2021, a wata shari'a a Kalifoniya inda shi ma ya tsaya wa kansa, alƙali ya rushe zaman saboda masu gabatar da ƙara ba su miƙa wasu bayanan kuɗi da ya kamata su miƙa ba. Sanin da ya yi wa takardun ofishinsa ya yi masa rana a nan. Sai dai rushe zama ba wanke laifi ba ne, kuma daga baya ya amsa wasu daga cikin tuhume-tuhumen. Ba zan ce da lauya a gefensa da ya tsira a New York ba, domin hujjojin ba su da sauƙi. Abin da nake cewa shi ne ya ƙara wa kansa kaya a kan kaya.

Wannan fuska da fuska tsakanin wanda ake tuhuma da mai ƙorafi ta sa wasu ƙasashe sun sa iyaka. A Ingila, wata doka ta 1999 ta hana wanda ake tuhuma da laifin lalata ya yi wa mai ƙorafin tambayoyi da kansa, haka ma yara masu ba da shaida a wasu laifuka. Dole sai ta bakin lauya. Ke nan a irin waɗannan tuhume-tuhume, mafi muhimmancin shaida ma ba zai taɓa ta da hannunsa ba.

Aikin da ake yi a wajen kotu ya fi na ciki yawa, kuma a nan bambancin ya fi fitowa fili. Shari'a tana bukatar a nemo shaidu, a zauna da su, a ji abin da za su faɗa. Idan lauyan waje ya je wurin shaida, aikinsa yake yi. Idan wanda ake tuhuma ya je, ko da niyyarsa fara ce tas, kalma ɗaya ta isa a ce ya yi barazana ko ya nemi sauya shaida, sai ga sabuwar tuhuma da soke beli. Sau da yawa ma sharuɗɗan belin sun hana shi kusantar shaidun. In kuwa ba a ba shi beli ba, yana tsare, to ofishinsa da littattafansa da kwamfutarsa duk sun yi masa nisa, ya zama lauya a suna kawai. Sannan a ce shaida ya faɗa masa magana a ɓoye, ya zo kotu ya sauya. Wa zai tabbatar da maganar farko? Shi kaɗai ya ji.

Haka tattaunawar sassauci, inda doka ta yarda mutum ya amsa ƙaramin laifi a janye babba. Lauya da lauya suna iya magana a kaikaice: a ce wanda nake karewa ya amsa wannan, me za ku yi da wancan? Ba wanda ya amsa komai, gwaji ne kawai. Wanda ake tuhuma ba shi da wannan labule. Ko inda doka ta hana a kawo maganar tattaunawa a matsayin hujja, mai gabatar da ƙara ya riga ya ji inda yake tsoro da inda yake da rauni. Kuma karɓar tayin da ya dace yana bukatar mutum ya auna yiwuwar faɗuwarsa da idon basira. Mutane ƙalilan ne ke iya yi wa kansu wannan lissafi, lauyoyi kuwa, da yake sun saba da cin gardama, sun fi kowa wahalar yarda cewa wannan karon ba za su ci ba.

A gurguje, akwai wasu abubuwa biyu. Ba kowane lauya ne lauyan laifuka ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa a kan kwangila da rajistar kamfanoni baƙo ne a wannan fage, kuma ɗan saninsa ya fi jahilci haɗari don yana hana shi tambaya. Na biyu, ɗaukaka ƙara. A Amurka, hukuncin Faretta ya fayyace cewa wanda ya zaɓi kare kansa ba zai dawo ya ce kariyar da ya samu ba ta da inganci ba. Wanda lauyansa ya yi sakaci yana da ƙofar kuka a kotun sama. Wanda ya yi sakaci da kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

To, babu lokacin da kare kai yake da ma'ana ke nan? Akwai, kuma bai kamata a shafe shi ba. Wani bincike da Erica Hashimoto ta wallafa a Amurka a 2007 ya nuna cewa waɗanda suka kare kansu a manyan laifuka ba lallai ne sakamakonsu ya fi na masu lauya muni ba, duk da cewa adadinsu kaɗan ne, kuma da yawansu sun zaɓi hakan ne don rashin gamsuwa da lauyan da kotu ta ba su. Wannan ya tuna mana cewa ana auna kare kai ne da lauyan da mutum zai iya samu a zahiri. Lauyan da bai karanta takardu ba, wanda sai a harabar kotu yake tambayar sunanka, ba shi ne mutum na biyun da nake yabo ba. Haka kuma ƙaramin laifi wanda iyakarsa tara, ba ɗauri, ba taɓa lasisi, ba wanda zai zargi lauya don ya tsaya da kansa. Amma a lura da wannan sharaɗi na lasisi. Laifin da zai zama ƙarami ga wani, in ya shafi rashin gaskiya ko amana, yana iya raba lauya da sana'arsa gaba ɗaya, domin bayan kotu akwai kwamitin ladabtarwa da ke jira, kuma duk abin da ya faɗa a kotu yana rubuce.

Sai babban rukuni, na waɗanda ba wanke kai suke nema ba. Fidel Castro, lauya ne, ya kare kansa a 1953 bayan harin barikin sojoji na Moncada a ƙasar Kuba, aka yanke masa shekara 15. Gandhi, shi ma lauya, a 1922 a Ahmedabad bai ma yi jayayya ba, ya amsa tuhumar tunzura jama'a, aka ba shi shekara 6. Waɗannan mutane kotu ta zame musu mumbari, hukuncin kuma sun san da shi tun kafin su shiga. Idan ana kawo su misali don a nuna lauya zai iya tsaya wa kansa, sai a tuna cewa dukkansu gidan yari suka tafi. Slobodan Milošević, tsohon shugaban Yugoslaviya, wanda ya karanta doka a Belgrade, ya yi irin wannan a kotun duniya da ke Hague daga 2002, shari'ar ta yi ta jan ƙafa saboda rashin lafiyarsa har ya mutu a 2006 ba a kai ga hukunci ba.

Wanda ya fi koyar da ni a cikinsu shi ne Nelson Mandela, domin ya bi hanyoyin biyu a cikin shekara biyu. A 1962, da aka tuhume shi da tunzura yajin aiki da fita ƙasa ba fasfo, ya tsaya wa kansa, da Bob Hepple a gefe yana ba shi shawara. Bai kira shaida ko ɗaya ba, ya mayar da zaman tuhumar mulkin wariyar launin fata, aka yanke masa shekara 5. Da aka zo shari'ar Rivonia a 1963 zuwa 1964, inda igiyar rataya ke lilo a kansa da abokansa, ya shiga hannun tawagar lauyoyi ƙarƙashin Bram Fischer, da su George Bizos da Arthur Chaskalson da Joel Joffe. Bai rasa muryarsa ba, ya yi sanannen jawabinsa daga akwatin tuhuma ranar 20 ga Afrilun 1964, amma sai da lauyoyin suka karanta shi tukuna. Hukuncin ya zo ɗaurin rai da rai, ba kisa ba. Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya, sai dai da abin da ke kan faifai ya zama rai, zaɓinsa ya sauya.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda mutane ke mantawa saboda an saba ɗaukar maganar kamar ko fari ko baƙi. Lauyan da ake tuhuma zai iya ɗaukar lauya, shi kuma ya zama ma'aikacinsa na bayan fage: ya tsara takardu, ya binciko hukunce-hukuncen baya, ya nuna inda shaida ya yi tuntuɓe, ya rubuta tambayoyi ya miƙa. Duk amfanin iliminsa yana nan, ba a rasa komai ba, kuma wannan aiki yana rage kuɗin da zai biya. Abin da ya sallama kawai shi ne tsayuwa a gaban kotu da yanke shawarar dabara. Amma sai ya iya zama wanda ake karewa, abin da ke yi wa lauyoyi wuya ƙwarai. Wanda zai riƙa jan rigar lauyansa kowane minti biyar, yana gyara masa magana a gaban alƙali, ya haɗa illar hanyoyin biyu a wuri guda.

Akwai kuma juyin wannan, inda mutum ke jan shari'arsa, kotu ta ajiye masa lauyan ko-ta-kwana. Kotun ƙolin Amurka ta amince da wannan tsari a shari'ar McKaskle ta 1984. Ya fi babu, amma a ganina bai kai na farko ba, domin mai ba da shawara da ba shi da ikon hanawa sai dai ya zuba ido. Kuma kada a yi zaton za a fara da kai, in abu ya cushe a miƙa wa wani. Alƙali ba dole ne ya ɗage zama don sabon lauya ya karanta takardu ba, kuma shaidun da aka riga aka sallama da wuya a dawo da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Clarence Darrow yana cikin manyan lauyoyin kariya da Amurka ta taɓa yi. A 1912 aka gurfanar da shi a Los Angeles bisa zargin ba 'yan juri cin hanci a shari'ar 'yan'uwan McNamara, waɗanda yake karewa. Mutumin da ya kuɓutar da mutane da dama daga hukuncin kisa bai tsaya shi kaɗai ba, ya ɗauki Earl Rogers, gwanin tambayoyin ƙure na wannan zamani. An ce sun sha saɓani kan dabara, kuma Darrow ya karɓi wani ɓangare na jawabin rufewa da kansa, amma Rogers ne ya ja shari'ar. Aka wanke shi. A shari'a ta biyu, a 1913, kan wani ɗan juri daban, Rogers ya janye ana tsaka da zama, nauyin ya koma kan Darrow. 'Yan juri suka kasa haɗa baki, 8 na cewa ya aikata, 4 na cewa bai aikata ba. Ba a ɗaure shi ba, ba a kuma wanke shi ba, ya tattara ya koma Chicago.